Amsar Tambayarka Kan Kari, Amo da Jituwar Muryoyi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce a bikin maƙwabcinku a Agege ka ji mawaƙan coci suna rera waƙa da muryoyi huɗu daban-daban a lokaci guda, har ka fara tunanin ko waƙarmu ta gaza ne da ba ta da wannan tsari.

Abin da ka ji shi ne jituwar muryoyi, wato wani ya ɗauki sama, wani ya riƙe ƙasa, su haɗu ba tare da sun yi karo ba. Mu ba nan muka zuba ƙwarewarmu ba. A wurinmu mawaƙi yakan ja baiti, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya, sa'an nan ya dawo ya ɗora, ganguna kuma kowace na bin nata bugun.

Kari shi ne hawa da saukar da murya take yi, abin da yake maƙale maka a kunne ko ka manta baitocin. Amo kuwa shi ne abin da yake sa ka bambanta algaita da kakaki idonka a rufe.

Inda nake so ka tsaya ka yi nazari shi ne, Hausa da kanta tana da karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Faɗi "kuka" na mai hawaye, sa'an nan ka faɗi "kuka" ta miya, za ka ji gaɓar ƙarshe ta sauka a ta biyun. Saboda haka mawaƙinmu ba ya sakin kari yadda ya ga dama, dole ya riƙa lura da inda kalma take hawa da inda take sauka, domin mai sauraro ma'ana ya zo ji. Shi ya sa kalangu yake magana. Ka lura da makaɗin mahauta: yakan matse tsarkiyar a hammata fatar ta ɗame, sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, har a gane taken wanda ake kaɗa wa. Yarbawa, da harshensu yake da matakan sauti 3, haka suke yi da gangunansu da suke kira gangan da dundun.

In an yi bikin mahauta a unguwarku, ka matsa kusa da mai kalangu, ka sa ido a hammatarsa. Ka gaida mahaifiyarka.