Dalilin da ya sa nake sayen 'ya'yan carbi 27,720

Kai yaro, ka tambaye ni jiya muna rufe shago wai me ya sa in zan yi odar 'ya'yan carbi nake cewa 27,720, ban cika 30,000 ba kowa ya huta. Har ka ce Bayamanen nan da muke sayen kaya a wurinsa a kasuwar Balad ta nan Jidda dariya yake min. To bar shi ya yi dariyarsa, ba shi ke zama ɗaurin dozin da daddare ba.

Ɗauko kalkuleta. Carbinmu iri biyu ne, mai 33 da mai 99, ban da liman, wato dogon ɗan carbin nan na kai, tunda shi daban ake sayensa. 30,000 in ka raba 33 zai ba ka 909, saura ƙwaya 3. Ƙwaya ukun ba komai ba ce, matsalar 909 ɗin ce, don 9 sau 101 ne, shi kuwa 101 irin lambar nan ce mai taurin kai da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, Larabawa na ce mata awwali, to in ka zo ɗaurin dozin sai ka samu 75 ga guda 9 suna yawo a kwali, kuma ka san alhazai in sun zo tsaraba a Jidda dozin suke ɗauka.

Yanzu buga nawa. 27,720 raba 33, carbi 840 cif, dozin 70 ba ko ɗaya a ƙasa. Dillalai 5 ne suka zo, ko 6, ko 7, ko 8, kowa zai tafi da kaso daidai ba rigima. Mai 99 kuma 280 yake bayarwa, shi kam gaskiya ba ya dozin, shi ya sa kake gani ina ɗaure shi goma goma.

Sirrin yana cikin ginin lambar: 8 sau 9 sau 5 sau 7 sau 11. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 1 har zuwa 12 duk suke raba ta ba saura. In ka cire 11 ɗin ka koma 2,520, wadda ke rabuwa daga 1 zuwa 10, tana da kyau ga mai dabino amma mu ba ta mana aiki, don 33 da 99 duk 11 ne a cikinsu. Lambobi 96 ne ke raba 27,720, kuma duk ƙasa da ita ba wadda ta kai haka, 30,000 ɗin taka da ta fi ta girma 50 kawai gare ta. In ka tara masu raba ta ban da ita kanta, 84,600 ne, ya ninka ta uku har da ɗori, irinta malaman hisabi ke kira za'id.

In ba kalkuleta a hannu, tara lambobin, 2 da 7 da 7 da 2 da 0, 18 ke nan, tunda 9 ya raba 18 to ya raba ta duka.

Amma fa in kaya sun iso ka ce wa Bayamanen ya ƙara mana ɗan ƙulli a kai, kullum sai an samu fasassu da marasa huji.