Aska takwas ba ta hawa kowane yadi

Ɗana, na ga hoton yadin nan na Indunusiya da ka turo min, wanda ake ce ma ikat, kana tambaya ko za mu iya ɗora masa aska takwas, aikin zaren nan na ƙirji mai tsini takwas, mu yi babbar riga. Yadin yana da kyau wallahi kuma masu shi sun sha aiki, don su zaren suke ɗaurewa gaɓa-gaɓa tun kafin saƙa, a tsoma a rini a kwance, inda aka ɗaure rini bai shiga ba, sai an hau masaƙa sannan zanen ya fito da kansa. Shi ya sa in ka zuba ido za ka ga bakin zanen kamar ya ɗan jiƙe. Ba irin ɗaurin marinar Ƙofar Mata ta Kano ba ne fa, mu yadin ake ɗaurewa bayan an gama saƙa.

To amma yadin da ya riga ya cika da nasa ado, in ka ƙara masa aska sai su yi ta kokawa, ido ya rasa wanda zai kalla. Aska tana son fari, ko saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, a nan ne tsininta ke fitowa daga wuya ya gangaro kan aljihu. Kuma ba ado kawai ba ce, mu abin da muka taso muka ji a bakin manya shi ne kariya ce ga mai rigar. Zagayen nan da ke ɗaya ɓarin ƙirji da kuma baya, tambari ne, gangar sarki, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yi shi a karkace.

Maigidana a sana'ar nan da alƙalami da tawada yake zana min askar, kamar mai rubuta allo, sannan ya miƙo zaren tsamiya, silikin tsutsar nan da ake dafawa da ruwan toka kafin a kaɗa. Wata da watanni muna kan riga ɗaya, kan yatsa duk ya yi kanta, a ƙarshe a kai gidan bugu ta fito tana sheƙi.

Ikat ɗin in ka samu ka ɗinka shi haka nan, ɗan aiki a bakin wuya ya isa. Gobe ka zo da wuri, akwai saƙi a shago, kai za ka zana askar farko ina kallo.