Tambaya da Amsa: Goge da Jitar Bes a Faifai Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Garwa, shekara 6 ina kaɗa jitar bes. Ina shirin fitar da faifaina na farko, inda zan haɗa jaz mai tarin kayan busa da biyolin da kiɗanmu na gida: goge, kalangu da algaita. Mun gwada waƙa biyu a situdiyo, amma goge ya ƙi jituwa da fiyano, kalangu da bes kuma sun cuɗe, ba a jin ko ɗaya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Niyyarka ta faranta mana rai. Kamaru ta yi suna a duniya da makaɗa bes irin su Richard Bona da Étienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, amma tushen kiɗansu na kudu ne. Amon arewa har yanzu fili ne mai faɗi.

Bisa ga bayaninka, da alama kun fara ɗaukar fiyano, sannan kuka ce mai goge ya bi. A nan gizo ke saƙar. Fiyano ya raba tsaninsa gida 12 daidai wa daida. Goge kuwa tsirkiyarsa ɗaya ce ta izgar doki, ba shi da matakala irin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jita, yatsa ne ke neman sauti da kunne, kuma galibi sauti 5 yake zagayawa a kai. Wasu daga cikinsu, musamman na uku, suna faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano. Mai gogen bai yi kuskure ba, haka kiɗan yake, kuma nan daɗinsa yake. Don haka goge ne zai ja gaba.

Ka fara ɗaukarsa shi kaɗai na minti 10. Da na'urar saita tsirkiya ka gano sautin da yake komawa ya huta a kai. A ce ya yi kusa da Sol (a jerin sunayen sautuka na Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si) amma ya ɗan gaza, sai ka sauke saitin kowa daga Hz 440 zuwa 436 ko 437 (Hz shi ne ma'aunin hawa da saukar sauti). Fiyanon lantarki yana da wurin yin haka, masu busa kuma su ɗan zaro bakin kayansu. Ka sake aunawa kafin kowace waƙa, domin fatar da ke kan ƙwaryar goge tana ɗamewa da zafi, tana saki da laima. Wajen jera sautuka a ƙarƙashinsa, ka cire na uku gaba ɗaya: maimakon Sol, Si, Re, ka ba shi Sol, Do, Re ko Sol, Re, La. Si ɗin nan ne ke karo da shi. Ka adana cikakkun haɗe-haɗen jaz sai inda goge ya yi shiru.

Idan da mawaƙi, kada tsarinka ya lanƙwasa masa karin harshe. Wuya na jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne ya raba su. Rubuta sassan busa bayan an rera waƙar.

Batun kalangu, rabin maganin yana hannunka. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka a yankin da kaurin sautin bes yake. In yana kirari, ka riƙe sauti ɗaya dogo, in ya numfasa ka amsa masa. Sauran rabin na mai haɗa sauti ne: ya yanke wa kalangu duk abin da ke ƙasa da Hz 80, ya rage wa bes kaɗan a wajen 200, ya ƙara masa a wajen 700 zuwa 800. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Tsirkiyar Mi ta ƙasa ta bes tana kan Hz 41, lasifikar waya ba ta fitar da ita, alhali a waya yawancin mutanenmu za su ji ka.

Kada ka ɗaura wa makaɗan gargajiya belun kunne mai ƙirga bugu, yana kashe musu jiki. Goge, kalangu da bes ku zauna ɗaki ɗaya ku yi tare, bes ta shiga na'ura kai tsaye don kada ta zuba a makirufo na wasu. Algaita tana da ƙara sosai, a ba ta ɗakinta, makirufo ya yi nisan kamu biyu, a ɗan karkace shi.

Taron biyolin 20 ba sai ka nema ba. Mutum biyu su maimaita sashen sau 3, kowane zagaye su sauya kujera da nisa, sai ya fito da kauri. Kayan busa 3 sun isa: tirampet, saksofon alto da tirambon. A rubutu ka tuna, in kana son jin Do, tirampet Re za ka rubuta masa, alto kuma La. Mantuwar wannan tana cinye yini guda na kuɗin situdiyo. Kafin a kunna na'ura kuma, ku rubuta yarjejeniya da dattawan makaɗan: ladansu, sunansu a faifai, da mai kowace waƙa.

Tambaya: Daga Kuseri nake rubutowa. Da hunturu ya shigo, tsirkiyoyin bes ɗina suna ta gogar ƙarafan wuya suna zizara. Ta lalace ne?

Amsa: Ba ta lalace ba, ɗan'uwa, bushewa ce ta motsa katakon wuyan. Danne tsirkiyar Mi a matakala ta farko da ta ƙarshe, ka duba wajen ta 8. Ya kamata a ga rata kamar kaurin katin gayyata, misalin milimita 0.3. In babu, sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da kwatan juyi zuwa hagu, ka saita tsirkiya, ka jira kwana ɗaya kafin ka ƙara. In ta cije, kada ka matsa, kai wa mai gyara. Sa soso mai ɗan danshi cikin gidan sabulu mai huji a akwatin jitar, kuma da damina ta kama ka sake aunawa, domin wuyan zai koma.