Ki fara da kotu tukuna

(Wannan muryar da Anti ta turo guruf jiya da dare ce, an rubuta ta don waɗanda ba su samu sun saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanwata, na saurari saƙonki har sau biyu kafin in danna wannan, kuma ku yi haƙuri, tawa za ta ɗan yi tsawo. Ga wanda bai ji ba, ta ce ta gama karatun lauya, an rantsar da ita, amma zuciyarta ba ta kwanta da zuwa kotu ba. Aikin sulhu ya fi kwanta mata, ga kuma wasu na ta zuga ta wai ta fito takara tun yanzu tunda tana da baki kuma jama'a na son ta. Shi ne take tambaya ko ta tsallake kotun gaba ɗaya.

To ƙanwata, kada ki tsallake. Ni duk huɗun nan na taɓa su, kotu da sulhu da siyasa da hidimar jama'a, kuma wallahi duk abin da na iya a sauran ukun, a gaban alƙali na fara koyonsa.

Bari in ba ki labarin shekarata ta biyu da fara aiki. Rigima ce kan bashi, ina kare wanda ake ƙara. Aka kawo shaidar mai ƙara, na tashi ina masa tambayoyi. Na ce, ka ga lokacin da aka sa hannu a takardar nan? Ya ce bai gani ba. Kana wurin? Ya ce ba ya nan. To a nan ya kamata in ce na gama ya mai shari'a, in zauna. Amma daɗin nasara ya ɗebe ni, na ƙara guda ɗaya. Na ce, to ta yaya ka san ya sa hannun? Mutumin nan ya gyara tsayuwa ya ce, ai shi da kansa ya kira ni washegari, ya ce ya sa hannu, in taya shi roƙo a ƙara masa wata biyu. Ina jin ajiyar zuciyar wanda nake karewa a bayana. Alƙali ya sunkuya yana rubutu, ya daɗe yana rubutun nan, ni kuwa ina tsaye da fayil a hannu.

Kowane tsohon lauya zai gaya miki kada ki yi wa shaida tambayar da ba ki san amsarta ba. Gaskiya ne. Amma da na koma ofis na zauna, abin da ya fi ci mini rai daban ne. Mutumin da nake karewa bai taɓa gaya mini zancen wayar nan ba, kuma laifina ne, don minti ashirin kawai na ba shi ranar da ya zo, ina ta katse shi ina neman abin da zan cika takarda. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutum ba ya buɗe cikinsa sai ya ga kin ajiye biro kin tattara hankalinki gare shi. Wannan sauraron shi ne jarin mai sulhu gaba ɗaya, kuma kotu ce ta koya mini shi da bulala.

In tsoro ne ke hana ki, ki sani ba a kanki farau ba. Mahatma Gandhi ya zama lauya a Landan a 1891, ya koma Indiya, ranar da ya fara tashi zai yi wa shaida tambayoyi a wata ƙaramar kotu a Bombay, baki ya ƙi buɗuwa. Ya zauna, ya mayar da kuɗin da aka biya shi. Shi ɗin ne a 1893 ya tafi Afirka ta Kudu kan shari'ar wani ɗan kasuwa, Dada Abdulla, da ke bin ɗan'uwansa fam 40,000. Gandhi ya zauna ya bi littattafan lissafin nan ɗaya bayan ɗaya har ya gane gaskiya na wajen Abdulla, amma ya kuma gane in aka ci gaba da jan shari'ar, kuɗin lauyoyi zai cinye su duka biyun. Sai ya shawo kansu suka zaɓi mutum guda ya raba musu gardama a wajen kotu. Abdulla ya yi nasara. Gandhi bai tsaya nan ba, ya lallashe shi ya yarda a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan don kada ɗan'uwan ya karye. Ki lura, da bai san fayil ɗin ciki da bai ba, da babu wanda zai saurare shi.

Ni abin da ya juya ni zuwa sulhu wata shari'a ce da na ci. Wa da ƙani ne suka yi tarayya a kasuwanci, suka ɓata. Shekara biyar muna kai da kawowa, yau a ɗage zama, gobe shaida ba shi da lafiya, jibi an canja alƙali a koma farko. Ranar da aka yanke hukunci, mu muka yi nasara. Na fito da murnata, na tarar da wan zaune a kan benci a baranda, bai ko ɗago ba. Na ce Alhaji an ba mu gaskiya fa. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, Barista, yanzu da wane ido zan kalli 'ya'yansa? Har yau ina jin muryar nan. Abraham Lincoln, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana aikin lauya a jihar Ilinoi kafin ya zama shugaban Amurka, ya taɓa rubuta shawara ga masu shiga aikin lauya cewa su riƙa hana mutane shari'a, su nuna musu cewa sau da yawa wanda aka ce ya ci shi ne ya yi asara, in aka lissafa kuɗi da lokacin da suka salwanta. Na karanta wannan tun ina makaranta, amma a barandar nan na fahimce shi.

To yanzu ki gane yadda aikin yake. Mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, ba shi da ikon tilasta wa kowa komai. Ya bambanta da wanda ɓangarori ke zaɓa ya yanke musu, irin na shari'ar Abdulla, wanda maganarsa ke hawa kansu. Ke naki shi ne ki zaunar da su, wani lokaci a ɗaki daban-daban, ki ji na wannan, ki ji na wancan, kuma abin da aka faɗa miki a sirri ba ya tsallaka ƙofa sai da izinin mai shi. Sau da yawa za ki tarar kuɗin da ake ta ihu a kansa ba shi ne ciwon ba. Wani so yake a ce masa yi haƙuri a gaban waɗanda aka ci mutuncinsa. Wani sunansa da aka goge daga allon kamfani ne ke hana shi barci. Sai kuma lokacin da za ki kalli mutum ki ce, takardar nan da kake taƙama da ita da wuya kotu ta karɓe ta, kuma ko ka ci, ɗayan zai ɗaukaka ƙara. In ya san kin tsaya a gaban alƙalai kin ci an kuma cinye ki, zai yi shiru ya yi tunani. In ya san a littafi kika karanto, zai tashi ya tafi.

Kuma sana'a ce mai gaba, kada wani ya raina miki ita. Tun 1976 wani malamin shari'a a jami'ar Habad, Frank Sander, ya kawo tunanin kotu mai ƙofofi da yawa, wato a duba kowace rigima a tura ta ƙofar da ta dace da ita, ba komai ne sai gaban alƙali ba. Ƙasashe da dama sun ɗauka. A 2019 aka sa hannu kan yarjejeniyar Singafo, don sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashe ya zama abin da za a iya zartarwa a kotu.

Sai dai ina roƙonki da Allah, kada son sulhu ya rufe miki ido. Akwai abin da ba a sasantawa. Matar da ake duka tana rawar jiki in ta ga mijin, in kika zaunar da su teburi ɗaya kika ce a yafe, kin taya shi ne. Akwai kuma zaluncin da doka ce da kanta ta kafa shi. Raba makarantun baƙar fata da farar fata a Amurka ba zaman sasanci ne ya kawar da shi ba, lauya Thurgood Marshall ne da abokan aikinsa suka kai maganar Kotun Ƙoli suka yi nasara a 1954. Sanin wace rigima ce ta sulhu, wace ce ta kotu, sai wadda ta san duka biyun.

Yauwa, siyasa. Masu zuga ki, ki tambaye su wa zai biya kuɗin takarar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ke yanzu ba ki da abin hannunki da za ki ce a'a ki koma gare shi. Na yi wa'adi ɗaya a majalisa, na nemi na biyu na faɗi. Washegarin faɗuwar na buɗe ofishina na ɗauki fayil. Wanda ba shi da sana'ar komawa, shi ne ke yarda da komai don kada ya rasa kujera. Kuma ba na hana ki har abada, don majalisa na buƙatar lauyoyin gaske. Na taɓa riƙe zaman kwamiti kusan awa biyu kan kalma ɗaya a wani ƙudiri, an rubuta hukuma "za ta iya" biyan diyya, na dage sai an mayar da shi "dole ta" biya. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni na san abin da lauyan hukuma zai yi da kalmar farko in talaka ya kai ƙara.

Ga wani abu da ba wanda ya gaya mini. Ranar da kika ɗauki katin jam'iyya, rabin mutanen da ke yarda su zauna gabanki don sulhu sun daina. Ni sai da na yi shekaru da barin kujera kafin wasu suka dawo. Dubi George Mitchell. Lauya ne, ya nemi gwamnan jihar Men a 1974 ya faɗi, ya zama alƙali, ya shiga majalisar dattawan Amurka a 1980 har ya jagoranci masu rinjaye. Sai da ya bar majalisar a 1995 sannan ya shugabanci tattaunawar sulhun rikicin Ireland ta Arewa, kusan shekara biyu yana zaune yana sauraron mutanen da wasunsu ba sa ko yi wa juna magana, har aka cimma yarjejeniya ranar 10 ga Afrilu 1998. Mandela ma sai bayan ya sauka daga mulki a 1999 ya karɓi sulhun Burundi.

Hidimar jama'a kuwa ba sai kin jira komai ba. Mandela da abokinsa Oliver Tambo sun buɗe ofishinsu na aikin lauya a Johannesburg a 1952, kullum da safe sai sun ratsa mutane a kan matakala kafin su kai ƙofa, talakawan da ba su da wanda zai tsaya musu. Amma ki yi don Allah da kuma mutanen. Jama'a na gane wanda ya fara rabon alheri wata shida kafin zaɓe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi. Ki nemi ofishin da ake zuwa kotu da gaske, ko da albashin bai kai na wani wurin ba, ki riƙe wa babba jaka, ki zauna bayansa da littafinki kina rubuta kowace tambaya da ya yi da wadda ya ƙi yi. Kwas ɗin sulhu ki yi shi a gefe, ba ya hana komai. Sannan a wata ki ware rana ɗaya ki je gidan yari, ki nemi jerin masu jiran shari'a da ba su da lauya, ki ɗauki mutum ɗaya kawai ki bi fayil ɗinsa har ƙarshe. In kin samu na farkon, ki kira ni kafin ki rubuta takardar neman beli, mu duba ta tare. Sai da safenku.