Shin "Kara Zube" Ce Fassarar Sakin Kasuwa?

Wani ɗan kasuwar riɗi daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya rubuto: "Malam, aƙidar nan ta cewa gwamnati ta tsame hannunta daga harkar kasuwa, na ji wasu na kiranta tattalin arzikin kara zube. Daidai ne?"

Alhaji, ba daidai ba ne, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kara zube zagi ne, ana faɗarsa ga abin da ba shi da mai tsawatawa. Ita aƙidar, wadda Faransawa suka raɗa wa "lese-fer", wato a bari a yi, ba ta ce a kori alƙali ko a yar da mudu ba. Cewa ta yi hukuma ta tsare dukiya da alƙawari, farashi kuwa a bar wa mai saye da mai sayarwa. Mu kanmu haka muka taso: sarkin kasuwa yana duba awo, yana raba faɗa, amma kai ka taya, mai kaya ya ce "albarka", ka ƙara, ya ce "na sallama". Ba wanda ya sa baki. A Madina ma, da kaya suka yi tsada aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, sai ya ce Allah ne mai sa farashi. Amma ya hana ɓoye kaya don su yi tsada, kuma masu jawo hadisin farko sukan manta da wannan.

Ni dai na fi son "sakar wa kasuwa mara". Wanda yake ganin tsarin zalunci ne, Hausa ta ba shi "kashin dankali", babba ya danne ƙarami. Mutanen garin Atbara na Sudan da suka fito zanga-zanga a Disambar 2018, bayan burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, da wannan za su kira shi.

Wata baiwar Allah daga Mai Wurno ta tambayi asalin "la'ada".

Larabci ce, Hajiya, "al-ada", abin da aka saba ba dillali.

Wani ɗalibi daga Kassala: mece ce ma'anar "kasuwa a kai miki dole"?

Mai buƙata shi ke zuwa, kasuwa ba ta bin kowa gida. Kuma "a kai" kalmomi biyu ne, ku daina haɗe su.