Dashen tuffata ya shekara uku babu ko fure

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin dankalin Turawa ne a yankin Bokkos, jihar Filato. Na ware wani ɓangare na gonata don lambun tuffa, da niyyar nan gaba in riƙa matse ruwanta ina sayarwa. Wani mai talla ya sayar mini da dashe, ya ce daga ƙwayar jajayen tuffar waje ya raine su, kuma ba za su wuce shekara biyu ba za su haihu. Yau shekara uku, ganye kawai. Abin ya hana ni barci. Asara na yi ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, akwai gyara. Amma gaskiya an cuce ka, kuma wannan cutar kusan kullum sai an kawo mini ƙararta.

Tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwaya. Ka shuka ƙwaya goma daga tuffa guda, bishiya goma daban-daban za ka samu, yawancinsu 'ya'yansu ƙanana ne masu tsami ko bauri, kuma sai ka jira shekara shida zuwa goma kafin ka ga abin da ka shuka. Shi ya sa duk mai lambun kirki a duniya da aure yake yaɗa ta, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashe, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Masu tallan nan sun san haka sarai. Su zuba ƙasa a baƙar leda, su liƙa hoton jar tuffa a jikin kwali, su karɓe kuɗin da bawan Allah ya tara daga dankalinsa. Kafin asiri ya tonu sun yi layar zana. Wallahi wannan zalunci ne, don shekarun mutum suke sacewa tare da kuɗinsa.

Ko da ma ƙwayar ta gaji uwarta, irin su Gala da Granny Smith da ake shigo da su daga Afirka ta Kudu suna buƙatar dogon sanyi kafin su yi fure, sanyin da hunturun Filato ba ya kaiwa. Masu jure ƙarancin sanyi su ne Anna, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas. Ka haɗa su biyun a lambu guda, domin ƙudan zuma su riƙa kai garin furen wannan ga waccan.

Kada ka tumɓuke bishiyoyinka. Saiwarsu ta riga ta kama ƙasa, sai a yanke kansu a aura musu reshen Anna ko Dorsett. Idan auren ya kama, cikin shekara biyu ko uku za ka fara tsinka. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin auren, ka cire shi nan take. Nan gaba kuma in za ka sayi dashe, duba gindinsa: ɗan aure yana da kumburi ko tabo, kamar ɗan taƙi ɗaya daga ƙasa. In babu, bar masa kayansa. Jami'an gona na jiha da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, za su iya nuna maka masu aure na gaskiya.

Batun ruwan tuffa kuwa, in ka matse ka ajiye shi haka nan, cikin 'yan kwanaki zai fara kumfa ya koma giya. Ita ce sana'ar manoman Somaset a Ingila da Nomandi a Faransa. Kai da kake son halak ɗin lemo, ka ɗumama shi ya ɗan haura digiri 70 a ma'aunin Celsius, ka ɗura a kwalabe masu tsabta da zafinsa, ka rufe gam.