Yadda fim ɗin Amour ya ci kyautar Goya

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya aka yi Amour na Michael Haneke, fim da Faransanci, ya ci Goya, alhali kyautar ta finafinan Sifaniya ce. Ya ci ne a rukunin da aka ware wa finafinan Turai na waje. Hukumar fina-finai ta Sifaniya ta fara raba Goya a 1987, sai a 1993 ta ƙara wannan rukuni, kuma Indochine na Faransa ne ya fara ɗauka. Finafinan Latin Amurka rukuninsu daban ne.

Abu guda ka lura da shi wajen shekaru. Ni ma na taɓa zama da takarda ina jera waɗanda suka ci, sai lissafin ya ƙi daidaita. Amour ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 2012, ya ci Oscar a 2013, amma Goya sai a Fabrairun 2014, domin sai a Janairun 2013 aka fara haska shi a gidajen sinima na Sifaniya. Don haka ranar fitowarsa a can za ka duba.